Haikalin 'Yan Hakka Mai Manyan Aladu, Wai Wa Suke Bauta Wa?

"Salam Malam, dan Allah ina da tambaya. Ni ɗan kasuwa ne ina zuwa Gwanzu sarin kaya, akwai wani abokin hulɗata ɗan Chana da yace min shi ɗan Hakka ne. Kwanaki ya turo min bidiyon wani biki a Taiwan, wasu ƙattin aladu an baje su kan motoci an musu ado da fitilu a gaban wani haikali, yace bikin mutanensu ne. Na tambaye shi wane gunki ne a ciki, Buda ne? Sai ya yi dariya yace ai babu ma gunki. Na kasa ganewa. Su waye Hakka ɗin nan, wa suke bauta wa, kuma me ya kawo alade cikin maganar?"

Wa alaikumus salam Alhaji. Abokin naka bai maka ƙarya ba, kuma dariyar da ya yi ma da dalilinta. Daga yadda ka kwatanta bidiyon, bikin Yimin ne ka gani, kuma uwar mafi yawan haikalan da ke yin wannan biki tana wani gari da ake kira Xinpu (ana furta shi kamar Shinpu) a yankin Hsinchu, arewa maso yammacin Taiwan. Sunan wurin Baozhong Ting, amma kowa haikalin Yimin yake ce masa. Na zauna a wannan yanki lokacin karatuna, a kan al'adun mutanen na yi bincike, haikalin nan na je shi ya fi a ƙirga, toh bari in warware maka. Tambayarka uku ce, amma amsar ta tsakiya ita ce ta riƙe sauran: babban abin bautar wurin ba wani ne da suka ce ya sauko daga sama ba, mutane ne, manoma da 'yan ƙodago sama da 200 da suka mutu a yaƙi aka binne su a rami ɗaya. Haikalin a gaban kabarinsu aka gina shi. In ka riƙe wannan sauran duk zai zo maka da sauƙi.

Su waye Hakka tukuna

Kalmar Hakka ma'anarta kawai baƙi, ko iyalan baƙi. Ba wata ƙabila ce daban da sauran 'yan Han, ƙabilar da ta fi yawa a ƙasar Sin, ba, reshe ne a cikinsu mai yarensa da abincinsa da al'adunsa. Cibiyarsu tsaunukan da lardunan Guangdong da Fujian da Jiangxi suka haɗu, garin Meizhou shi ake ɗauka kamar hedikwatarsu. Labarin da su suke bayarwa shi ne kakanninsu daga arewa suka yi ta gangarowa kudu saboda yaƙe-yaƙe, wani masaninsu Luo Xianglin shi ya tsara labarin a 1933 ya kasa shi ƙaura biyar. Masana na baya-bayan nan sun fi karkata ga cewa a nan cikin tsaunukan kudu al'ummar ta ƙullu, ta hanyar cuɗanya da auratayya da mutanen da suka tarar. Ni ma can na fi karkata, amma kar ka je ka faɗa wa abokinka haka ana cikin ciniki.

Mu muna cewa baƙo raɓa ne, toh waɗannan raɓar ta ƙi bushewa. Duk inda suka je sai su tarar an riga an kame ƙasa mai kyau, su sai gefen dutse, ga faɗa da 'yan gari a kan ruwa da gona. A Guangdong rikicinsu da 'yan gari ya kai yaƙi sosai daga wajen 1855 har cikin shekarun 1860, an yi asarar rayuka ba kaɗan ba. A Taiwan ma haka labarin ya maimaita kansa. Daular Qing ta 'yan Manchu, mai mulkin Sin a lokacin, ta kama tsibirin Taiwan a 1683, masu ƙaura suka fara kwarara, mafi yawansu daga Quanzhou da Zhangzhou na Fujian, suka mamaye bakin teku da filaye, 'yan Hakka da ba su kai su yawa ba suka taru a tuddan Taoyuan da Hsinchu da Miaoli, wasu kuma can kudu wajen Pingtung da Meinong. Yau kusan kashi 20 cikin 100 ne na mutanen Taiwan, sun haura miliyan 4 da rabi.

Akwai abu ɗaya da nake so ka lura da shi don zai dawo. A zamanin nan hukuma ta daɗe tana takura wa masu tsallakawa, musamman tafiya da mata da yara, don haka tsibirin ya cika da gwagware, samari da suka zo cirani ba mata ba ɗa ba dangi.

Yadda amalanke ya zaɓi wuri

A ƙarshen 1786 zuwa farkon 1787 wani mutum mai suna Lin Shuangwen, ɗan asalin Zhangzhou, jigo a wata ƙungiyar asiri da ake kira Tiandihui wato ƙungiyar sama da ƙasa, ya tayar da bore a tsakiyar Taiwan. Abin ya bazu kamar wutar daji, suka ci birnin Changhua, suka haura arewa suka kama birnin Zhuqian wanda shi ne Hsinchu ta yau, babban jami'in gwamnatin wurin ma ya mutu a ciki. Toh ka san rundunar tawaye ba albashi take ci ba, abin da ta tarar a ƙauye shi ne abincinta. 'Yan Hakka na ƙauyukan kewaye suka ga gemun maƙwabci ya kama wuta, sai manyansu irinsu Lin Xiankun na ƙauyen Liuzhangli da Liu Chaozhen da Chen Ziyun suka haɗa 'yan sa kai, suka tsare garuruwansu, suka taimaka aka ƙwato birnin, daga baya suka bi sojan gwamnati kudu. Sarki Qianlong na daular Qing sai da ya turo babban janar ɗinsa Fuk'anggan da runduna daga babban yanki, wato ainihin ƙasar Sin da ke tsallaken teku, kafin wutar ta mutu, aka kama Lin Shuangwen a farkon 1788 aka kai shi Beijin aka kashe.

Da ƙura ta lafa sai ga gawarwaki a warwatse a daji da bakin hanya. Mai dangi danginsa sun ɗauke shi. Sauran fa? Su ne gwagwaren nan da na faɗa maka. Manyan gari suka sa aka bi da amalanken shanu ana tsince ƙasusuwan, aka tara na mutum sama da 200. Niyyarsu su kai su wajen da ake kira Hukou yanzu, amma labarin da kowane yaro a yankin ya sani shi ne da aka tsallake kogin Fengshan aka iso Fangliao sai shanun suka toge, duka ba irin wanda ba a yi musu ba suka ƙi motsi. Sai aka yi ƙuri'a da 'yan katakon nan biyu masu siffar jinjirin wata da suke jefawa ƙasa don tambayar abin bauta, ta nuna mamatan nan suke so. Aka kira masanin yanayin ƙasa ya duba yace wurin siffar bijimi ne a kwance yana barci, wuri mai albarka a ilminsu. Iyalan Dai masu filin suka bayar da shi kyauta. Ni dai a raina nakan ce shanun da suka ja kaya suka tsallake kogi gajiya ma ta isa ta tsayar da su, amma ban taɓa faɗa a gaban tsofaffin wurin ba, kuma ba shi ne muhimmi ba, muhimmin shi ne labarin yana cewa mamatan da kansu suka zaɓi gidansu.

Sarki Qianlong ya yi rabon yabo da rubutun hannunsa, kowace al'umma da ta taimaka da nata kalmomi biyu. 'Yan Guangdong, wato 'yan Hakka, aka ba su Baozhong, ma'ana yabon biyayya. 'Yan Quanzhou aka ba su Jingyi, 'yan Zhangzhou da ba su bi tawaye ba Siyi, 'yan asalin tsibirin Xiaoshun. Daga nan sunan haikalin ya fito. An fara gini 1788 aka gama 1790. Sai kuma 1862 wani boren ya sake tashi ƙarƙashin Dai Chaochun, 'yan sa kai suka sake fita, aka sake kwaso sama da mutum 100 aka yi musu kabari na biyu a gefen na farko. A 1895 da Japanawa suka karɓi Taiwan wuta ta cinye haikalin a cikin faɗan, mutanen ƙauyuka suka yi karo-karo suka fara sake gini a 1899, aka ɗau wajen shekara biyar ana yi. Tushen ginin da ka gani a bidiyo kenan, duk da an sha yi masa gyara.

Me ke ciki in babu gunki

Ranar da na fara shiga ni ma abin da nake nema kenan, ina ta leƙe ina neman ƙaton mutum-mutumi mai gemu irin na sauran haikalai. A tsakiyar babban ɗakin abin da ke wurin allo ne na katako a tsaye, an yi masa ado da ruwan zinare, an rubuta cewa nan ne mazaunin amintattun 'yan Guangdong da sarki ya yaba wa. Shikenan. Wani dattijo mai share wurin da na tambaya ya ba ni amsar da har yau ban samu wadda ta fi ta ba, yace mutum ɗari biyu fuskar wa za ka sassaƙa? In ka zagaya bayan ginin sai ka ga kabarin kansa, tudu ne babba mai ciyawa da dutsen rubutu a gabansa, na biyun na gefe.

Suna kiransu Yimin Ye, a bakin Hakka Ngi-min-ya. Yimin shi ne mutanen kirki masu tsayawa kan gaskiya, Ye kuma kamar ka ce kaka ko maigida. Abu na biyu da ke wakiltarsu bayan allon shi ne baƙar tuta. Ana cewa asalinta baƙin ƙyallen da mayaƙan suka ɗaura a hannu don su gane juna. Ƙauye ko gida sai ya je haikalin ya karɓo tuta, a wurinsu kamar ya ɗauko Yimin Ye ne ya kawo shi gida, lokaci-lokaci kuma a mayar da ita uwar haikali a zagaya da ita kan hayaƙin turare don ƙarfinta ya sabunta. Da haka rassa suka yi ta fita, na Pingzhen a Taoyuan tun 1791 yake, yanzu akwai gommai a faɗin tsibirin.

Toh nan ne wurin da ya fi ɗaukar hankalina, kuma shi na fi ɓata lokaci a kai. A addinin gargajiyar mutanen Sin waɗanda ba a gani kashi uku ne. Akwai alloli, waɗanda suke kallonsu kamar jami'an gwamnati, kowa da muƙaminsa da yankinsa, kana kai musu koke kamar yadda ake kai wa hakimi. Akwai kakanni, wato mamatan gidanku da kuke ciyarwa. Sai fatalwa, kuma fatalwa a wurinsu ba wata halitta ce daban ba, mamaci ne da ba shi da mai ciyar da shi, ko wanda ya yi mummunar mutuwa a nesa da gida, yana yawo da yunwa yana addabar mutane. Kaga kakan wani shi ne fatalwar wani kenan. Yanzu ka auna mutanen Xinpu da wannan ma'auni: sun mutu da takobi, a baƙon wuri, ba ɗa ba jika. Duk sharuɗɗan zama fatalwa sun cika su.

Abin da 'yan Hakka suka yi shi ne suka ƙi yarda. Suka ce tunda ba su da 'ya'ya mu ne 'ya'yansu. Akwai al'adar da ake kira fengfan, kai shinkafa, gidaje na karɓa-karɓa suna dafa abinci irin wanda ake ci a gida, shinkafa da miya da ganye da nama a yayyanke, a jera a gaban tutar kamar yadda za ka kai wa tsohonka kwanonsa. Wannan ba haka ake wa manyan alloli ba, su akan kai musu kaza ko kifi ko nama guda ba a yanka ba, irin kyautar da ake kai wa babban mutum daga nesa. Dafaffen abinci da tsinken ci na ɗan gida ne. A gefe guda kuma ga rubutun sarki a saman ƙofa, ga gini irin na alloli, ga mutane na zuwa roƙon ruwan sama da lafiya da cin jarrabawa, iyaye na kawo yaron da zai tafi aikin soja. Wato an ciyar da su kamar kakanni har aka ɗaga su zuwa matsayin alloli, kuma masu rai ne suka yi ɗagawar, a hankali cikin shekara ɗari biyu. Shi ya sa in kana son ka ɓata wa ɗan Hakka rai ka ce masa Yimin Ye fatalwa ce. Na taɓa ganin wani ɗalibi ɗan birni ya faɗi haka a wajen bikin, da wasa ma ya faɗa, wata tsohuwa ta wanke shi tas.

Sauran da ke zaune a gefe

Yimin Ye ba su kaɗai ba ne a gidan, haikalin gargajiya a can kamar gidan gandu yake, akwai maigida akwai 'yan ɗakuna. Na farko da za a nuna maka su ne Sanshan Guowang, sarakunan duwatsu uku. Duwatsu ne na gaske, Jinshan da Mingshan da Dushan, suna Hepo a gundumar Jiexi ta Guangdong, can uwar haikalinsu Lintian take. Bautarsu tsohuwa ce, ana danganta farkonta da zamanin daular Sui, ana kuma ba da labarin cewa shahararren marubucin nan Han Yu da aka kore shi zuwa Chaozhou a 819 ya roƙe su ruwan sama ya tsagaita, daga baya sarakunan daular Song suka ba su sarauta. Za ka ji ana cewa duk inda ka ga haikalinsu 'yan Hakka sun zauna a wurin. Maganar ta yi faɗi da yawa, mutanen Chaozhou da ba Hakka ba su ma nasu ne, kuma akwai 'yan Hakka da yawa da ba su taso da su ba. Masu ƙaura daga wancan yanki ne dai suka taho da su, mutumin da zai sare daji a gindin dutse yana son mai dutse a bayansa.

Wanda ni ya fi burge ni wajen fahimtar mutanen shi ne Bogong, suna cewa Pak-kung. Shi ne mai kula da ƙasa, sauran Sinawa suna da shi da wasu sunaye na girma, amma 'yan Hakka sunan dangi suka ba shi, Bogong shi ne yayan kakanka na wajen uba. Yana da mazauni a haikalin, amma ainihin wurinsa waje ne, bakin gona, kan magudanar ruwa, gindin tsohuwar bishiya, wani lokaci dutse uku ne kawai aka jingina. A Meinong nasu ma kamar ƙaramin kabari yake ba rufi. Tsoho zai biya da safe ya zuba masa shayi ya kunna turaren tsinke ya faɗa masa 'yarsa ta haihu, ya wuce gona.

Sai Shennong mai noma da magunguna, wanda suke cewa shi ya koya wa mutane shuka hatsi ya ɗanɗana ganyayyaki don gano magani, al'ummar manoma ba za ta bar shi a baya ba. Sai jami'ai uku na sama da ƙasa da ruwa, Sanguan, 'yan Hakka na ce musu Sam-kie-ya, ranakunsu 15 ga wata na 1 da na 7 da na 10 a kalandarsu ta gargajiya. Sai Guanyin mai jinƙai, ita ce kaɗai ta fito daga addinin Buda, kaga hasashenka bai faɗi ƙasa gaba ɗaya ba, sai dai ita ma baƙuwa ce a gefe. A ɗakunan gefe kuma akwai allunan waɗanda suka kafa wurin da waɗanda suka ba da fili, su ma ana kunna musu turare.

Wani abu da ba a cikin haikalin yake ba amma sai na faɗa. 'Yan Hakka na da tsananin girmama rubutu, har ƙananan hasumiyoyi suke ginawa don ƙona takarda mai rubutu kar a taka ta, mafi shahara tana Longtan tun 1875. Ranar da na gan ta sai na tuna yadda kakata ke tsince duk takarda mai rubutun Larabci daga ƙasa ta soke a jikin danga.

Yanzu maganar alade

Bikin ana yinsa ne a wata na 7 na kalandarsu, babbar ranar 20 ga wata, yawanci yana faɗawa cikin Agusta ko farkon Satumba. Watan nan shi ne suke cewa ana buɗe ƙofar lahira mamata marasa gata su fito a ciyar da su. Ana kafa wani ƙaton mutum-mutumi na takarda mai ban tsoro, Dashiye, shi ne ɗan sandan fatalwowi, a ƙarshe a ƙone shi. Daren 19 ana sakin fitilu a kan ruwa don kiran waɗanda suka mutu a ruwa. Za ka ga dogon layi na mata da maza da sandar gora a kafaɗa, kwando gaba kwando baya kamar 'yan ga-ruwa, suna kai abinci. Akwai ma gasar tsawon ƙahon bunsuru, wannan kam da Bahaushe zai shiga da ya ji daɗi.

Wa ke ɗaukar nauyi? Nan ne wayon tsarin yake. Yankunan Hakka na Hsinchu da Taoyuan an kasa su shiyya 15, kowace shekara shiyya ɗaya ce mai masaukin baƙi, kaga sai bayan shekara 15 layi zai sake zagayowa kanku. Mutum sau nawa zai ga wannan a rayuwarsa? Huɗu, biyar in ya yi tsawon rai. Toh gidan da ya jira shekara 15 ba zai fito da ƙaramin abu ba. Alade shi ne babbar dabbar yanka a wurinsu kamar yadda sa yake a wurinmu, sai ya zama gasa, a yi shekara biyu uku ana ɗura wa dabba abinci, ana mata fanka ana mata wanka, har ta haura kilo 800. A auna, a ba na ɗaya lambar zinare, a yanka, a shimfiɗa fatar kan ƙarfe ta yi faɗi, a sa abarba a baki, a ɗora kan mota da fitilu. Abin da ka gani kenan. Naman kuma rabawa ake wa dangi da abokai. Ba aladen ake bauta wa ba, shi hadaya ne.

Gaskiya abin ba kyan gani. Dabbar ba ta iya tashi tsaye, ƙungiyoyin kare dabbobi na Taiwan sun daɗe suna yaƙi da gasar, cikin 'yan Hakka kansu ma matasa da yawa ba sa so. Wasu wurare sun koma haɗa siffar alade da buhunan shinkafa ko taliya ko gwangwanaye, in an gama a raba wa mabuƙata. Ni a ganina gasar nauyin ƙari ce da ta shigo daga baya, in ta mutu bikin ba zai rasa komai ba, kwanon shinkafar nan shi ne zuciyar abin.

Amintattu ne ko 'yan koren gwamnati

Wannan rigimar ba ta mutu ba. Da aka zo zamanin da littattafan makaranta suka mai da Lin Shuangwen gwarzon da ya yi wa Manchu tawaye, sai tambaya ta taso, toh waɗanda suka yaƙe shi fa? Wasu suka ce ba mutanen kirki ba ne, karnukan farautar sarki ne. Amsar 'yan Hakka ita ce ba don sarki suka fita ba, don rumbunansu da matansu suka fita, sarki daga baya ya zo ya liƙa musu lambar yabo. Na fi yarda da wannan, hujjata kuwa ba su kaɗai suka yi ba, 'yan Quanzhou ma sun yi, akwai haikalin Yimin a Beigang wanda ba na Hakka ba ne. Kuma a kudu tun boren Zhu Yigui na 1721 ƙauyukan Hakka suka haɗa rundunoni shida da ake kira Liudui, nasu wurin tunawar yana Zhutian. Sai dai kar a wanke su fes, faɗan ƙabilanci ne a ciki, kowane ɓangare ya ƙona ƙauyen wani.

Abin dariyar shi ne duk gwamnatin da ta zo sai ta so ta jingina da su. Qing ta ba da allo, Japanawan da aka ƙona wurin a yaƙinsu su ma a lokacin yaƙin duniya na biyu gwamnansu Hasegawa Kiyoshi ya aiko da allon yabon biyayya ga ƙasa, yau kuma ba ɗan takarar da zai nemi ƙuri'ar Hakka bai je ya riƙe turare a Xinpu ba. Haikalin dai ya ci gaba da harkarsa. Yana da gonaki da aka ba shi tun farko, kusan irin waƙafi, da kuɗin hayarsu ake biki, da su aka kafa makarantar sakandare ta Yimin a 1946. A 1988 da wurin ya cika shekara 200 aka fara yin bikin a Taipei don 'yan Hakka mazauna birni, a ƙarshen shekarar ranar 28 ga Disamba dubbai suka yi zanga-zangar a dawo mana da harshen uwa, don a lokacin yarensu na neman ɓacewa daga makaranta da talabijin. Daga baya aka samu hukumar harkokin Hakka a 2001 da tashar talabijin tasu a 2003.

Iyakata

Ni ɗan kallo ne Alhaji, Musulmi ne ni, na tsaya a gefe da littafina na rubuta abin da na gani da abin da aka faɗa min, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Zamana kuma a arewacin Taiwan ne, abin da na faɗa na can ne. Maganar hukuncin halartar irin wannan wuri ba fagena ba ne, ka tambayi malamanka. In abokinka ya gayyace ka cin abinci lokacin bikin ka faɗa masa tun wuri ba ka cin alade, sun saba, ni gidajen abincin 'yan Buda masu ganye zalla su suka rufa min asiri a ranakun.

Ka kuma tambaye shi ko shi ɗan Taiwan ne ko ɗan babban yanki, don akwai bambanci. Bautar Yimin a Taiwan aka haife ta, daga yaƙin Taiwan da kabarin Taiwan. In ɗan Meizhou ne ko Jiexi, abin da ya taso da shi ɗakin kakanni ne na zuri'arsu da Bogong na bakin gona, wataƙila da sarakunan duwatsu uku. Daga Gwanzu duk tafiyar 'yan awanni ce, in kun gama lodin kwantena ka ce ya kai ka ka ga ɗakin kakannin nasu, ka duba ƙasan teburin da alluna ke kai, akwai wani ƙaramin mazauni a wurin na dodon ƙasa mai riƙe gidan, shi ma kullum da kofin shayinsa.